Damagaram: Na Bi Sawun Tukunyar Iya

Kakata ta wajen uba, wadda duk gidanmu ke kira Iya, 'yar Damagaram ce. Aure ya kawo ta Kano tun Nijar da Najeriya ba su sami 'yancin kai ba, ta zauna a cikin birni har Allah ya karɓi abinsa, amma tukunyarta ba ta taɓa zama ta Kanawa ba. Miyar kukarta daban take da ta kowace mace a unguwa. Ta fi duhu, ta fi ƙarfin ƙamshi, kuma akwai wani ɗanɗano da ke zama a harshe bayan an haɗiye loma, wanda ban ƙara jin sa ba tun rasuwarta. Mahaifiyata gwanar girki ce, ƙannen babana ma haka, kuma duk sun gwada. Baba yakan ci, ya sa albarka, ya ce, "Ta yi daɗi, amma ba ita ba ce." Da ciwo ya kwantar da shi bara, abinci ya fita daga ransa, abin da ya riƙa ambata shi ne tuwon gero da miyar Iya. Shi ya sa da na sami sarari a wurin aiki bayan an gama girbi, na haɗa 'yar jakata na nufi Damagaram, inda autar su Iya take da rai har yanzu.

Mun tashi bayan sallar asuba, hunturu ya fara busawa. Hanyar sananniya ce: a wuce Dawanau, inda tun da sassafe ake loda wa manyan motoci buhunan hatsi, a bi ta Dambatta da Kazaure a faɗa Daura. Daga Daura zuwa Kwangwalam tafiya kaɗan ce, sai Ɗan Barto, an shiga Nijar. Kakin ma'aikata ya canza, allunan hanya suka koma Faransanci, 'yan canji suka yanyame mota da sefa a hannu. Iyakar canjin ke nan. Ƙosan da wata yarinya ta miƙo mini ta taga, da yajin da ta barbaɗa a kai, da "Allah ya kiyaye hanya" da ta bi mu da shi, duk na gida ne. Direbanmu mutumin Matamaye ne mai mata a Daura. Ya ce lokacin da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har aka buɗe a watan Maris na 2024, bai san wahalar da ta fi ci masa rai ba tsakanin tsadar abinci da rashin zuwa suna da jana'iza.

Daga Ɗan Barto zuwa gaba, abin da ya fara ɗaukar idona shi ne gawo. Gonakin gero an girbe su, kara a tsaye, amma ko'ina gawo ne, manya da ƙanana, kore shar a lokacin da sauran itatuwa ke kakkaɓe ganye. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya tofo, dabbobi su ci 'ya'yansa su sha inuwa su bar kashi a gindinsa. Manoman yankin Matamaye da Magarya da Mirya sun yi suna wajen barin tsiron gawo ya girma a gona maimakon a sare shi lokacin sharar gona, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa ganin yadda suka mai da fili kurmi ba tare da sun dasa ba. Ni kuwa da nake kallon damman gero a kan amalanke, tunanina yana wajen Iya, wadda ba ta yarda cewa dawa ko masara abinci ne na mai ƙarfi ba. In ta ce "hatsi", gero take nufi, ba wani abu ba.

A Matamaye muka tsaya aka yi salla, na sayi rake, don fadamun yankin suna ba da shi sosai. Muka wuce Kance, muka hau babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi a Takeita, muka ratsa Tirmini, inda dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka gwabza da Faransawa a 1899. Can da la'asar sai ga duwatsu jibga-jibga sun fara bayyana, wasu a kan wasu. An iso.

Garin da taswira ke kira Zinder ya taɓa zama babban birnin Nijar kafin Faransawa su mai da hedikwatar Yamai a 1926. Gidan danginmu yana cikin Birni, tsohuwar unguwar da ke kewaye da fadar sarki, inda har yanzu ake ganin sauran ganuwar zamanin Sarki Tanimu da gidajen ƙasa masu zane a fuska. Lungunan ba su ɗaukar mota. Wani yaro ya ɗauki jakata a ka, muka yi ta karya kwana har muka shiga wani zaure mai sanyi.

Autar su Iya, wadda muke kira Inna, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, carbi a hannu. Idonta ya yi rauni, amma da na yi sallama sai ta ɗaga kai.

"Wa nake ji kamar kishiyata ta Kano?"

"Ni ce, Inna."

"Matso in ji ki." Ta kama hannuna da hannu biyu, ta shafa fuskata, ta daɗe ba ta saki ba. "Goshin Yaya ne wannan. Ina ɗana? An ce mini ba ya jin daɗi."

"Da sauƙi, Inna. Yana gaishe ki."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ku kawo mata ruwa, ku dama fura."

Mu a Kano fura abin marmari ce, a saya a leda ko a markaɗa da kindirmo da ƙanƙara a sha bayan an ci abinci. A nan ita ce abincin rana. Nijar tana sahun gaba a duniya wajen noman gero, kuma kaso mai yawa na geron nan a ƙwaryar fura yake ƙarewa. Washegari na zauna na kalli yadda Gwaggo, babbar 'yar Inna, take yin ta tun daga tushe. An surfa gero an bakace dusa, an wanke, an bar shi ya sha iska. Ƙasarin ba a zubar ba, awaki aka ba. Aka daka da citta da kanunfari da masoro da ɗan barkono, aka tankaɗe, aka yayyafa ruwa aka cura manya-manya, aka jefa cikin tafasasshen ruwa. Da suka nuna aka tsame su da zafinsu aka zuba a turmi. A nan aikin yake. Mata biyu suka kama taɓare suna kirɓi, ɗaya ta ɗaga ɗaya ta sauke, Gwaggo tana tsoma hannu a ruwan zafi tana yayyafawa tsakanin bugu da bugu ba tare da taɓarya ta taɓa ta ba. Sai da furar ta yi danƙo tana kama taɓarya tana saki da ƙara, sannan ta ce ya isa. Ta mulmula, ta birkima a gari. Da aka dama da nono a babbar ƙwarya, aka sa ludayi, yara da manya suka kewaye. Ba sukari. Gardin geron da yajin sun wadatar, kuma haka Iya take shan tata, tana ce wa mai neman sukari ya je ya sha shayi.

Da hantsi na buɗe wa Inna abin da ya kawo ni. Na kwatanta mata miyar: duhunta, ƙamshinta, abin nan da ke zama a harshe. Ban kai ƙarshe ba ta fara dariya har tana tari.

"Daddawar batso ce, 'yar nan. Ni nake yi mata. Duk shekara in an gama kaka sai in ƙulla in ba masu zuwa Kano."

Sai na tuna wani ƙullin tsumma da ke cikin wata 'yar tukunya a ƙarƙashin gadon Iya, wanda ba mai taɓawa sai ita. Mun san warinsa, ba mu san daga ina yake zuwa ba, ba mu kuma san cewa hannun wata mata ne a wata ƙasa ba.

Daddawar da muka saba da ita a Kano ta kalwa ce, 'ya'yan ɗorawa. Ɗorawa kuwa tana son ruwan sama fiye da abin da ƙasar Damagaram ke samu, don haka in aka yi arewa sai ta yi ƙaranci, kalwa ta yi tsada. Abin da ke wadace a nan shi ne yakuwa. Mata suna shuka ta a gefen gonar gero ko a gayaunarsu. A ci ganyen a miya, a sha zoɓo, 'ya'yan kuma, wato gurguzu, a yi daddawa da su. Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Za a tsince gurguzun a wanke, a ɗora a wuta ya wuni yana dahuwa har ya yi laushin da yatsa zai murƙushe shi. A tsane, a zuba a tukunya a rufe ruf a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu. A fito da shi a kirɓa a turmi da ruwan toka, wadda aka tace daga tokar karan gero, a mayar a sake rufewa ya ƙara kwana. Sannan a cura a shanya. Gurguzu yana da sinadarin gina jiki mai yawa, shi ya sa gidan da ba a ga nama ba sai salla, miyar batso kan riƙe shi.

Gwaggo ta ce wadda ta yi ta kusa ƙarewa, mu je kasuwa ta nuna mini yadda ake zaɓe. Kasuwar Dole ita ce babbar kasuwar garin, kuma rumfunan kayan miya su kaɗai sun isa su nuna wa mutum faɗin ƙasar Nijar. Ga busasshen tattasai na Diffa tuli-tuli, ja wur, daga bakin kogin Komadugu. Ga albasar Galmi. Ga kantun gishiri da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma, ga kanwa kala-kala, ga cuku an jera shi falle-falle, ga kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da gabu. Ciniki da dala ake yi, dala ɗaya sefa biyar, in an ce miki dala ashirin to sefa 100 ke nan. Masu batso tsofaffi ne, suna can gefe a ƙasa da faifai a gabansu. Gwaggo ta ɗauki curi ɗaya ta ɓare shi biyu, ta duba cikin, ta shinshina, ta ajiye. Ta ɗauki na wata ta yi haka. Ta ce in cikin ya yi fari-fari toka ta yi yawa, in kuma ana ganin ƙwayar gurguzu a tsaye ba ta narke ba, an yi rowar itace wajen dahuwa. Mai kyau baƙa ce har ciki, tana da maiƙo, warinta kuma ba ya hawa kai. Sai a faifai na huɗu ta tsuguna ta ce, "Baba, nawa za ki bar mana?"

Kuka kuwa ta ce ba za mu saya a nan ba. Wani jikan Inna ya ɗauke mu zuwa Mirya, kimanin kilomita 18 gabas da gari, inda itatuwan kuka suka cika gonaki, kowace da mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon gona. A gidan wata 'yar uwar mijin Gwaggo muka sami ganyen da aka shanya a inuwa cikin ɗaki. Wanda rana ta busar yakan koɗe ya yi ruwan ƙasa. Wannan da aka daka aka tankaɗe, kore ne kamar yau aka tsinko shi.

Da yamma, kafin a hura wuta, sai da aka jira mai ruwa. Damagaram a kan dutse take zaune, rijiya ba ta ba da ruwa yadda ake so, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza, kuma yakan yi kwanaki bai zo ba. Wannan ya shiga cikin girkin matan garin. Ruwan da aka wanke hatsi da shi yana da wurin zuwa, wanda aka ɗauraye kwano da shi ma haka. Iya ta yi shekaru a gida mai famfo a Kano, amma har ta rasu in ta ga yaro ya bar ruwa yana zuba sai ranta ya ɓaci kamar an zage ta. A tsakar gidan nan na gane inda abin ya samo asali.

Muna jiran ruwan ne Inna ta shiga ba ni labarin yunwa. Ta ga ta farkon shekarun 1970, ta ga ta 2005, amma wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce ta 1984, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Ta ce mutanen karkara sun cika garin, ana cin tafasa da yaɗiya, ana tsinko 'ya'yan anza a jiƙa su kwana da kwanaki ana canza ruwa don ɗacin ya fita kafin a dafa.

"A shekarar nan Yaya ta aiko mana da dawa da garin rogo ta hanyar daji, a kan jaki. Ba ta aiko da magana ba. Da na kwance buhun na ga ƙullin barkono a ciki irin ɗaurinta, na san tana lafiya. Ni kuma ko a shekarar ban fasa aika mata daddawarta ba, ko da 'yar kaɗan ce."

Su biyun ba wadda ta yi boko, ba kuma waya a lokacin. Ƙullin daddawar nan shi ne wasiƙarsu: in ya iso Kano, Iya ta san ƙanwarta tana da rai, tana da ƙarfin kama taɓarya, damina kuma ta yi ko ba ta yi ba gwargwadon girman ƙullin. Mu muna can muna cin tuwo muna santi, ba mu san abin da ke cikin tukunyar ba.

Ruwa ya zo, aka hura kara da 'yan itace. Gwaggo ta jiƙa batson a ruwan ɗumi, ta dama da hannu har ta narke, ta tace ta zuba ruwan a tukunyar ƙasa ta zubar da tuƙar. Ta daka barkono da gabu da citta da masoro ta zuba, ta jefa 'yan ƙasusuwa da busasshen nama, da gishiri, da ɗan gutsuren kanwa. Daga nan ta rufe ta koma kan tuwo: ta yi talge, ta bari ya dahu, ta zuba gari ta tuƙa da muciya har gumi ya keto mata. Na ce ko a kaɗa miyar, ai ta daɗe tana tafasa. Inna daga kan tabarma ta ce a'a.

"Ba da ido ake duba ta ba, da hanci ne. Sai wari ya mutu ƙamshi ya tashi."

Kuma haka aka yi. Akwai lokacin da iskar tsakar gidan ta juya, abin da ke hawa hanci ya kwanta, wani ƙamshi mai nauyi ya maye gurbinsa, sai ga ni a tsakar gidanmu na Kano da magariba, Iya a kan kujera 'yar tsugune da maburgi a hannu. Gwaggo ta janye itace, ta riƙa barbaɗa kuka da hannun hagu tana burgawa da dama, kaɗan-kaɗan, ba gudaji ko ɗaya. Ba ta ƙara rufe tukunyar ba. Aka kwashe tuwo da mara aka jera malmala a akushi, aka zuba miya, aka kawo man shanun da aka soya da albasa aka zuba cokali guda a tsakiya.

Ita ce. Loma ta farko ban iya magana ba. Na kira Baba ta bidiyo na juya masa wayar ya ga akushin, sannan na miƙa wa Inna. Ta ce, "Ɗana, ka ci abinci. Ga kishiyata nan zan aiko ta da maganinka." Baba, wanda ya haura saba'in, sai ya sa hannun riga yana share ido yana cewa, "To, Inna. To, Inna."

'Yan matan gidan sun ci tare da mu, amma ba su ɓoye mini cewa sun fi son shinkafa da taliya ba, kuma in su ke da girki dunƙulen magi suke jefawa. Ban ga laifinsu ba. Batso tana cin kusan mako kafin ta kammala, itace ya yi tsada, ga makaranta, ga maƙwabta masu ƙorafin wari. Macen da ta dawo daga aiki da la'asar ba za a ce mata ta wuni tana dafa gurguzu ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne raini. Na sha jin ana kiran irin wannan miya abincin ƙauye ko na talaka, a Kano da nan duka, har mace ta ji kunyar a ji ƙamshin daddawa a gidanta in ta yi baƙi. Matan da suka gano yadda za a mai da ƙwayar da ba ta taunuwa ta zama abin da zai riƙe iyali a shekarar fari, ba tare da awo ko agogo ba, ilimi ne da su, kuma ilimin bai shiga littafi ba. A gidan nan kaf, Gwaggo kaɗai ta rage da ta iya yin batso daga farko har ƙarshe, ita ma ta ba sittin baya.

Ranar da zan taho, Inna ta sa aka kawo mata tsumma mai tsabta. Da hannunta ta jera curin daddawar, ta ɗaure, ta laluba ta ƙara ƙulli na biyu. Gwaggo ta haɗa mini garin kukar Mirya da gabu da kwalbar man shanu. Muka yi alkawari in Allah ya kai mu kaka mai zuwa zan dawo da babbar 'yata, mu zauna mako guda, a jiƙa gurguzu a gabanmu mu kama taɓarya da hannunmu.

Mai karatu da ke son ɗanɗana wannan miya, ya je bayan girbi, lokacin da gurguzu yake sabo, gero kuma yake da araha. In ya shiga Kasuwar Dole ya wuce masu tebur, ya nemi tsofaffin da ke zaune a ƙasa da faifai, ya ɓare curin ya duba cikinsa kafin ya biya. In kuma akwai tsohuwa a gidansu mai irin wannan tukunya, ya tambaye ta tun yau abin da take sakawa da wanda ke aiko mata da shi.